Yadda Bodil Kragh Ta Yi Wa Karnuka Fili

A garinmu Bredsund kowa ya san Bodil Kragh ba ta ƙaunar karnuka, domin ba ɓoyewa take yi ba. In ka gaishe ta riƙe da igiyar karenka, za ta amsa maka, sannan ta dubi abin da ke ƙarshen igiyar kamar wadda ta tsinci gashi a miya. Ni kuwa ƙofata na kallon tata, kuma ina da kare, wani gajere mai tumbi da nake kira Pelle. Na sha wannan kallo har ya daina yi mini zafi.

'Yar masunta ce. Tana budurwa ta fara aiki a jirgin fiton da ke ƙetare mashigin ruwa daga Bredsund zuwa tsallake, tana wanke kofuna a kantin jirgin. Wata rana wani direban babbar mota ya nemi ya take igiyar ɗaure jirgi, ta leƙo ta tagar kicin ta daka masa tsawa, mutumin ya taka birki har goshinsa ya bugi gilashi. Kyaftin ya ji, washegari ya fito da ita daga cikin kwanuka ya ba ta rigar aiki ruwan lemo, ya ce ta riƙa shirya motoci. Haka ta yi shekara talatin da ɗoriya tana gasar murya da iska da ƙugin inji, kuma yawanci ita ke cinyewa. A jirgin ta samu miji, Ejvind, mai kula da inji, wanda ƙarar ɗakin injin ta riga ta cinye masa rabin ji. Mutanen gari suka ce shi ya sa auren ya yi ƙarko. 'Ya ɗaya suka haifa, ta girma ta tafi ƙasar Nowe ta yi aure can.

Da aka gina gada aka sayar da jirgin, sai aka yi wa Bodil ritayar da ba ta nema ba. Ta koma gidanta da ke ƙarshen layinmu, kusa da tsohuwar tashar jirgin, ta shuka kabeji da dankali, ta zuba kaji.

To, ta gefen shingenta akwai wata siririyar hanya da ke gangarawa bakin ruwa. A cikin gari dole kare ya kasance a igiya, bakin ruwa ma haka in zafi ya shigo, amma wannan hanyar babu mai gani, don haka nan kowa ke kwance wa karensa ya ɗan miƙe ƙafa. Kare kuwa in ya miƙe ƙafa, ba ƙafar kaɗai yake miƙewa ba. Kullum da safe Bodil sai ta tarar an bar mata tsaraba a bakin shinge, wani lokaci ma tsakanin kabeji.

Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Sai ta ɗauki shebur ta kwashe, ta zuba a jakar takarda irin ta gidan burodi, ta hau keke ta je ta rataye wa mai kaya kayansa a hannun ƙofa. Kuma ba ta taɓa yin kuskuren gida ba. Ta ce wanda ya daɗe yana kallon motoci ya san mai abu daga abinsa. Wanda ya fi shan wannan ziyara shi ne Torkild Bjerre, tsohon likitan haƙori, mai wani ƙaton kare kamar maraƙi da ake kira Konsul. Ranar farko ya zaci wani tsohon majinyacinsa ne ya tuna da shi ya kawo masa burodin safe, har ya kai jakar teburin cin abinci kafin ya buɗe.

Shi Torkild ɗin shi ne shugaban Ƙungiyar Masu Karnuka ta Bredsund. An kafa ta ne da niyyar neman fili guda a kewaye shi, inda kare zai yi gudu ba igiya ba tare da ya shiga gonar kowa ba. Niyya dai mai kyau. Muna haɗuwa sau ɗaya a wata a ɗakin taron da ke bayan laburare, a sha gahawa, a ci kek, a yi gardamar tsawon shingen da ba a kafa ba a filin da ba a samu ba. Masu manyan karnuka na son ya kai ƙirji, masu ƙanana na cewa almubazzaranci ne. An taɓa rubuta wa ƙaramar hukuma, ta amsa da cewa ana dubawa. Mu ma muka ci gaba da dubawa, shekaru suna wucewa, kek yana ƙara daɗi.

Wata rana a farkon bazara Konsul ya tsallake shingen Bodil ya kashe mata kazar da ta fi kowace ƙwai. Ya yi sa'a ko rashinta, ranar muna da taro. Muna zaune an yanka kek ke nan sai ƙofa ta buɗe, Bodil ta shigo da takalman roba, riƙe da kazar ta ƙafa, ta ɗora ta a kan tebur tsakanin kek ɗin da butar gahawa.

"Torkild, ga saƙo daga Konsul," in ji ta.

Fuskarsa ta yi ja, ya fara lalube aljihu yana cewa zai biya. Ta ce ya riƙe kuɗinsa ya sayi igiya mai ƙwari, ita tambaya ta kawo. Ta tambayi tun yaushe muke zama a ɗakin nan, aka faɗa mata. Ta tambayi ina filin. Torkild ya gyara tabarau ya shiga bayani cewa sha'anin hukuma ba a yi masa gaggawa, abu ne da ke bukatar haƙuri.

"Da haƙori ka cuce mu, yanzu ka koma haƙuri," ta ce.

Ranar kuwa ita ce ranar zaɓen shekara, wanda a kullum Torkild ke tsayawa shi kaɗai a tafa masa. Ni dai don wasa na ɗaga hannu na ce na tsayar da Bodil. Viggo manomi ya ce ya goyi baya, domin ya daɗe yana riƙe da Torkild a zuciya kan wani turmin haƙori da yake rantsuwa lafiyarsa lau aka cire. Torkild ya ce ai ba ta da kare. Aka duba ƙa'idojin ƙungiya, waɗanda shi da kansa ya tsara, babu inda aka ce sai mai kare zai yi shugabanci. Aka ce a ɗaga hannu. Bodil ta tsaya tana bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya, hannuwa suna tashi a duk inda idonta ya sauka.

Ba ta yi godiya ba. Cewa ta yi, "Kada wani ya ɗauka don ku zan yi. So nake in ga an tattara su wuri guda, can nesa da ni, an ja ƙofa an rufe." Ta ɗauki kazarta ta tafi. Washegari ƙamshin farfesu ya cika layinmu.

Ofishin ƙaramar hukuma yana babban gari, tafiyar rabin awa a bas. Mai kula da filaye wani matashi ne mai gemu da ladabi, sunansa Asger. Zuwan Bodil na farko ya ba ta gahawa ya ce ana dubawa. Ta ce madalla, za ta jira a gama. Ta fito ta zauna a kujerar da ke ƙofar ofishinsa ta ciro saƙa. Da rana ta yi tsaka ta buɗe jaka ta fito da baƙin burodi da bandar kifi da ɗanyar albasa, ta ci a natse, ta nannaɗe ƙayoyin a takarda ta jefa a kwandon sharar wurin, wanda ke jikin bututun ɗumama ɗaki. Ta koma bayan kwana biyu, ta sake komawa. Duk wanda ya zo neman izinin gini ko rajistar aure sai ya wuce ta cikin wannan wari. Kafin ta gama saƙa hannun riga na biyu, takardar da ta yi shekaru tana barci ta farka.

Filin farko da aka nuna mana wani tsohon ramin tsakuwa ne a arewacin gari, nesa da gidan kowa. Bodil ta je ta gani, ta dawo tana murmushi, abin da ba kasafai ake gani ba. Sai ga wani malamin makaranta ya fito ya ce akwai wani irin kwaɗo da ke ƙwai a kududdufin wurin, kuma saura kaɗan irinsa ya ƙare a ƙasar. Bodil ta ce a ba ta bokiti ta kwashe su da hannunta ta kai su duk inda yake so. Aka ce ba a taɓa su. Ta ce ta yi faɗa da direbobi da 'yan kwastan da kyaftin uku, ba wanda ya taɓa kayar da ita sai kwaɗo.

Na biyu wata makiyaya ce a jikin maƙabarta, mallakar coci. Fastonmu mace ce mai sanyin murya, Gunvor, ita ma tana da wata 'yar farar karya mai suna Manna da take ɗauka a kwandon keke, don haka muka sa rai. Amma ta ce ba zai yi kyau ba a ce ana binne mutum karnuka na haushi a bayan katanga. Bodil ta ce ta san yawancin waɗanda ke kwance a wurin, kuma da ransu ma ba sauraron huɗuba suke yi ba. Wannan magana ba ta taimaka ba. Dattawan coci suka zauna suka ce a'a.

Hunturu ya shigo ya fita. Mutane suka fara janye jiki daga taro. Torkild kuwa bai fasa zuwa ba, yakan zauna a kujerar baya ya harɗe hannu, fuskar nan tasa tana cewa ai na faɗa muku.

Sai wata rana Asger ya zo taronmu da kansa. Ya ƙi zama. Ya ce ya bincika ko'ina, fili ɗaya ya rage a hannun hukuma wanda ba kwaɗo, ba gawa, ba wanda ke so, kuma ana iya ba mu shi nan take. Tsohon filin da motoci ke jiran jirgin fito. Kowa a ɗakin ya san inda filin yake: shingen bayan gidan Bodil shi ne iyakarsa. Daga tagar kicin ɗinta in ta watsa ruwan wanke-wanke, a cikinsa zai sauka. Har yau ban sani ba ko yaron nan gaskiyarsa ke nan, ko kuwa ramuwar kifin nan ya yi.

Torkild ya gyara murya daga baya. "Shugaba, abin nema ya samu. Ko mu ƙara haƙuri?"

Bodil ta dube shi, ta dubi Asger, ta ɗauki jakarta ta fita ba ta ce uffan ba. Wannan ya fi tsoratar da mu a kan tsawarta.

Kwanaki ba a ji muryarta a layi ba. Da abin ya dame ni sai na ƙetara na ƙwanƙwasa. Na same ta zaune a kicin tana kallon filin ta taga. Ciyawa ta cinye shi, sai tsohon turken fitila guda da ya karkace, da ɗan ɗakin katako inda a da take fakewa in ana ruwa. Ta zuba mini gahawa ta ce ta haƙa rami ne ta faɗa da kanta, kuma in na kuskura na ce mata sannu za ta kore ni. In ta ƙi, Torkild zai yi ta ba da labari har ya mutu. In ta karɓa, ta gayyato karnukan gari kaf zuwa gindin tagarta.

Ejvind na gefe yana feraye dankali. Mutum ne da zai yi mako bai haɗa jimla uku ba, kuma mun ɗauka ba ya jin abin da muke cewa. Bai ɗago ba ya ce, "Bodil, tun da aka sayar da jirgin nan ba ki da wanda za ki yi wa tsawa sai ni. Ni kuma ba ji nake ba. Asara ake yi."

Ta jefe shi da tsumman goge kwano. Ya cire shi daga kafaɗa ya ninke ya ajiye, ya ci gaba da feraya. Washegari da sassafe na hango ta a cikin filin, ciyawa har gwiwa, tana jan igiyar awo, Ejvind na riƙe da ɗaya bakin. Da ta gan ni ta ce in dai ba makawa sai sun zo bayan gidanta, to su zo bayan shingen da ita ta kafa.

Hukuma fili kawai ta bayar, sauran aiki namu ne. Muka toya kek muka sayar a kasuwar bazara, muka kwaso tarkacen da ke ɗakunan ajiyarmu muka sayar wa juna, har aka samu na waya da ƙusa. Viggo ya kawo turaku a tarakta daga dajinsa. Kowace Asabar aka riƙa fitowa, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma a shekarar nan yawanci ana yi. Bodil ta zaƙulo tsohuwar rigarta ruwan lemo ta saka, duk da maɓallan sun daina haɗuwa, ta tsaya a tsakiyar fili tana juya mu da hannu kamar yadda take juya motoci: kai matso, ke ja baya, kai wa ya ce ka tsaya nan. Ashe ƙarƙashin ciyawar tsohuwar kwalta ce da duwatsu, kowane rami sai da diga. Akwai akawun banki, akwai nas biyu, akwai wani mai koyar da kiɗa da bai taɓa riƙe shebur ba, duk ta mai da mu leburori. Gardamar tsawon shinge kuwa da muka yi shekaru muna yi, a tsaye ta yanke ta: ko'ina ya kai ƙirji, a ware lungu guda na ƙananan karnuka, ɓangaren gidanta kuma ya wuce kan mutum. Ta sa aka yi ƙofa biyu a jere da ɗan sarari a tsakani, sai ka rufe ta farko za ka buɗe ta biyu, don kada wani ya sulale.

Torkild bai zo Asabar ta farko ba. Ta biyu ya zo da farin wando da wani zane da ya yi na yadda ya kamata filin ya kasance, har da wurin shan ruwa mai feshi. Bodil ta karɓi zanen ta ce ya yi kyau, ta ɗora tukunyar miya a kai don kada ta ɓata tebur, ta miƙa masa diga. Mun zaci zai juya. Sai ya tuɓe agogo ya kama haƙa, har tafin hannunsa ya yi bororo. Daga baya aka gane babu wanda ya kai shi iya tsayar da turke: sai ya tsuguna ya kanne ido ɗaya, ya girgiza shi a hankali, ya ce wannan yana motsi, a tone a sake. Viggo ya ce da haka yake yi wa haƙora da yanzu yana tauna da gefen hagu. Torkild da Bodil ba su daina faɗa ba ko na yini ɗaya, amma na lura in an zuba miyar wake da naman alade da rana, kwanonsa take fara cikawa, tana cewa ya ci kada ya faɗi a ce ita ta kashe shi.

A farkon kaka aka gama. Aka sa ranar buɗewa, aka gayyaci magajin gari, aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, aka jera tebur da gasasshen nama da giya, yaran makaranta suka zo za su yi waƙa. Bodil ta tsara cewa za a saki karnuka ɗaya bayan ɗaya, manya a ƙarshe. Amma magajin gari ya kama jawabi a kan haɗin kai da ruhin sa kai, ya ƙi sauka. Karnukan nan kuwa duk rayuwarsu daga bakin igiya suke sanin juna, ga fili a gabansu, ga ƙamshin nama. Ba a san wanda ya fara saki ba. Kafin a ankara igiyoyi na ƙasa, an bi ta ƙarƙashin jan ƙyallen da ta tsakanin ƙafafun magajin gari, teburin nama ya kife. Pelle nawa da ko matakala ba ya hawa sai na ɗauke shi, na gan shi yana gudu da tsiren nama a baki, kunnuwa na tashi.

Ana cikin haka Konsul ya gano Manna. Abin da ya biyo baya a gaban yaran makaranta aka yi shi, malamarsu tana ta ƙoƙarin juya su su kalli ruwa. Torkild na kiran karensa da muryar da bai taɓa amsawa ba, fasto Gunvor ta tsaya riƙe da igiya ba kare. Bodil ta matsa kusa da ita.

"Gunvor, ke ce mai ɗaura aure a garin nan, ga shi an riga ki."

Da sanyi ya kama, Manna ta haifi 'yan kwikwiyo masu kai kamar tulu da ƙafafu kamar na kujera. Torkild ya ce ba a da tabbas na Konsul ne, har sai da ya ga kunnuwan. Fasto ta sa ɗaya a kwando ta kai wa Bodil a matsayin godiyar gari. Bodil ta duba ta ce kwandon yana da kyau, shi za ta riƙe.

Tun daga nan filin ya zama nata, ko da yake ba ta taɓa shiga ba in da kare a ciki. Daga tagar bene take mulki. Ba ta yi wa kare magana, mai shi take kira da sunansa na yanka, yadda za a ji har bakin gada: "Torkild, dubi bayanka." Mutum sai ya juya ya ciro leda. Ban taɓa ganin fili mai tsabtar wannan ba. Hanyar gefen gidanta ta huta, kabejinta ya huta, kajinta suka tsufa suka mutu don kansu. Haushi kuwa ta sha shi safe da yamma, tana ƙorafi a kanti, a bas, a coci, ga duk wanda ya tsaya.

Wani ya kawo benci, wani ya ƙara na biyu. Mutanen da ke zaune su kaɗai a gidajensu, waɗanda a da sai dai a ɗaga wa juna hannu daga nesa, suka fara daɗewa a wurin da butar gahawa. Wanda ya fi kowa zama a bencin kuwa shi ne Ejvind, da ba shi da kare. Kullum bayan abincin rana zai zagaya ya shiga, aljihunsa cike da busasshiyar hanta, karnuka su kewaye shi. Bodil ta kafa masa doka: wandon da ya je filin da shi ba ya shiga gidanta. Don haka a rumfar keke yake tuɓewa, komai sanyi, ya ruga kicin da gajeren wando. Na sha ganinsa ta tagata.

A bencin nan ya rasu, wata rana da hantsi a cikin watan Mayu, bayan 'yan shekaru. Rana na dukansa, hularsa ta rufe ido, Pelle na kwance a kan takalminsa. Mun daɗe muna hira a gefensa muna zaton barci yake. Da muka gane, ni aka tura. Bodil ta fito da atamfar girki a ƙugu, ta buɗe ƙofar farko ta rufe, ta buɗe ta biyu, ta ratsa ta cikin karnuka ba ta ko dube su ba. Ta zauna kusa da shi ta gyara masa hula. Ba wanda ya ji muryarta ranar.

Bayan an yi jana'iza da kwanaki muna zaune a kicin ɗinta ta ce mini ko ba komai ba shi kaɗai ya tafi a ɗaki ba, da jama'a a gefensa. Sannan ta ƙara da cewa ko da yake rabin jama'ar masu wutsiya ne.

Ba ta ƙara shekara a gidan ba. Gwiwoyinta sun gaji da matakala, 'yarta kuma ta matsa. Da aka sa gidan a kasuwa wasu matasa mata da miji suka zo daga birnin Aarhus da karnuka uku, ko ɗakunan ba su gama dubawa ba, suna leƙa taga suka ga filin suka ce sun saya. Ita kuma ta koma babban gari, hawa na uku a wani bene mai na'urar hawa, inda aka hana ajiye kare. Ta sa mai gidan ya maimaita mata wannan sharaɗi kafin ta sa hannu. Shugabancin ƙungiya ta mayar wa Torkild, ta ce yanzu da babu abin yi zai iya.

Ƙungiya ta so ta kafa allo da sunanta a ƙofar filin. Ta aiko cewa duk wanda ya yi haka za ta kai shi kotu. Ba a kafa ba. Amma bakin mutane ba ya bukatar allo, kowa Filin Bodil yake cewa, har direban bas. Gari kuma ya ci gaba da sauyawa, tsofaffi na tafiya, baƙi na zuwa. Kwanan baya ina zaune a benci da sabon karena, wata yarinya da ba ta daɗe da tarewa ba ta zauna kusa da ni, muka taɓa hira. Can ta tambaye ni ita Bodil ɗin nan wane irin kare ce. Wai an ce mata wata ƙatuwa ce da ke zaune a bayan dogon shingen can, kowa na tsoronta, in ta yi haushi har bakin gada ana ji.

Ranar Lahadi na hau bas na kai wa Bodil labari. Tana yanka kek na faɗa mata. Ta tsaya da wuƙar a hannu.

"Ke kuma me kika ce mata?"

"Na ce haushin ne kawai, ba ta cizo."

"Kin cuci yarinya," in ji Bodil. "Ki koma ki gaya mata gaskiya."

Ta dubi yankan da ta riga ta yi mini, ta raba shi biyu, ta mayar da rabi cikin kwano.